Alƙalami da Sikeli: Alhaji Umaru Salga, Alhassan Ɗantata da Abubakar Imam

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna, ta hanyar taƙaitaccen tarihin mutum uku, yadda malanta da fatauci suka taɓa zama a hannu ɗaya a ƙasar Hausa, kafin zamani ya raba su.

An haifi Alhaji Umaru a Kano a 1858, asalin gidansu kuwa Kabawa ne. Tun yana saurayi yake haɗa neman ilimi da bin ayarin fatake, har ya kai ga Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. A 1877 ya kammala wani littafi na Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Bai kamata a ɗauki wannan aiki da wasa ba, domin falken da ya bar dukiyarsa a hannun wakili, tafiyar wata uku daga gida, ba shi da abin riƙe amana sai takarda. A ganina buƙatar kasuwa ce ta haifi littafin. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa 'yan zango, shi kuma daga bisani ya koma Kete-Karachi, inda ya zama limami. A can ne ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich labaran ƙasar Hausa da ajami, ya kuma yi waƙoƙi a kan talauci da wadata da zuwan Nasara. Ya rasu a 1934.

A shekarar da Umaru ya gama littafin wasiƙunsa aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, cikin zuriyar Agalawa. Shi ma hanyar Gwanja ya bi, amma ya lura da abin da tsofaffin madugai suka yi jinkirin gani: goro ya fi saurin isowa in an ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya wajen gyaɗa, Alhassan ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Lissafinsa da wasiƙunsa kuwa aikin malamai da akawuna ne da ya ɗauka.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, bai taɓa bin ayari ba. Malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja. Daga nan aka kai shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Rubutunsa aikin albashi ne a ƙarƙashin hukuma, kuma injin ɗab'i ke yaɗa shi, yayin da waƙoƙin Umaru almajirai ke kwafarsu da hannu, fatake su ɗauke su daga zango zuwa zango. Imam ya rasu a Zariya a 1981.