Azbakiyya: Tafkin Sarkin Yaƙi da Ya Zama Lambun Tsakiyar Alƙahira

A wajajen shekarar 1476, zamanin da Sarki Ƙaitbai ke mulkin Masar, babban kwamandan rundunarsa, Amir Azbak, ya nemi inda zai ajiye raƙumansa. Cikin birnin Alƙahira ya cika maƙil, sai ya fita ta yamma, tsakanin gari da Kogin Nilu, inda akwai wani kangon fili mai tuddan juji da itatuwan ƙaya. Nan ya yi musu garke. Marubucin tarihi Ibn Iyas ya ba da labarin abin da ya biyo baya: wurin ya shiga ran Azbak, ya sa aka kawo shanu da garmuna aka baje tuddan, aka haƙa babban tafki, aka jawo masa ruwa daga mashigin da Sarki Nasir Muhammad ya haƙa tun 1325. Ya gina wa kansa fada a bakin ruwa, ya gina masallaci da gidajen wanka da shaguna. Ibn Iyas ya ce kuɗin da aikin ya ci ya haura dinari 200,000. Da masu hali suka ga sarkin yaƙi ya tare, su ma suka bi sahu suka yi ta gini, unguwa ta kafu, aka riƙa kiranta da sunan mai ita.

Tafkin Azbak na lokaci-lokaci ne, kuma wannan shi ne sirrin daɗinsa. Idan Nilu ya kawo a ƙarshen bazara, sai a fasa madatsa ruwa ya malalo ya cika shi, a yi biki ranar. Wata uku ko huɗu kwale-kwale na yawo a kai, masu gidajen bakin ruwa suna rataya fitilu a tagoginsu da dare, makaɗa suna bin jirage. Idan ruwa ya janye, sai ƙasa ta fito baƙa mai laka, a shuka ta, wurin ya koma kore shar, kamar dai yadda fadama ke yi bayan damina. Fili ɗaya, amma fuska biyu a shekara, kuma sama da shekara ɗari uku haka mutanen Alƙahira suka san shi.

Bayan Turkawa sun ci Masar a 1517 unguwar ta ɗan yi sanyi, sannan ta sake tashi. A ƙarni na 17 da na 18 manyan malamai da attajirai suka mamaye bakin tafkin. Gidan Bakri, zuriyar shehunan da ke jagorantar Maulidin Annabi (SAW) a birnin, nan suke, shi ya sa mafi girman taron Maulidi a Azbakiyya ake yinsa. Attajiran gidan Sharaibi, waɗanda suka yi arziki da fataucin gahawa daga Yaman, su ma nan suka zauna. Ta arewa kuma akwai unguwar Kiristoci Ƙibɗawa, inda daga baya, a 1800, aka buɗe cocin da ta zama mazaunin shugabansu.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan zamani daga bakin Abdurrahman al-Jabarti ya fito. Mai karatu daga ƙasar Hausa yana da dalilin ɗan tsayawa a kan wannan suna. A gidan mahaifinsa, Shaihu Hasan al-Jabarti, masanin lissafin nan na Katsina, Muhammad al-Kashinawi al-Fulani, ya sauka bayan aikin hajji, kuma a nan ya rasu a 1741, wasu shekaru kafin a haifi ɗan da zai rubuta tarihin birnin.

Jabarti ya ga shekarar 1798 da idonsa. Wani babban basarake, Muhammad Bey al-Alfi, ya gama gina ƙasaitacciyar fada a bakin tafkin ke nan, bai ma gama morar ta ba, sai ga rundunar Faransa. Napoleon ya ƙwace fadar ya mai da ita hedikwatarsa. Daga nan Azbakiyya ta zama dandalin da Faransawa ke nuna wa Misirawa isarsu. Napoleon ya halarci Maulidi a gidan Shaihu Bakri don neman shiga. A ƙarshen shekarar suka tara jama'a za su tashi wata ƙatuwar balan-balan sama, suna cewa irinta na ɗaukar mutane zuwa nesa. Ta ɗan tashi ta faɗo, Jabarti kuwa ya rubuta cewa ba ta wuce abin wasan da ake tayarwa a lokutan biki ba. Amma ba duka ne wasa ba. Da mutanen Alƙahira suka yi bore a farkon 1800, igwa da wuta suka cinye gidaje masu yawa na bakin tafkin. Ranar 14 ga Yuni na wannan shekara, wani saurayi ɗan Halab da ya yi karatu a Azhar, Sulaiman al-Halabi, ya shiga lambun fadar Alfi ya daɓa wa Janar Kleber, magajin Napoleon, wuƙa har lahira. Faransawa suka ƙone masa hannun dama, suka soke shi a kan tsinin itace, suka fille kan malamai uku da aka ce sun san da shirin.

Muhammadu Ali, wanda ya karɓi mulki a 1805, shi ya raba Azbakiyya da ruwanta. A wajajen 1837 ya sa aka zagaye filin da magudana, aka cike tsakiya, aka dasa itatuwa, saboda ana ganin kwantaccen ruwa ne ke kawo cuta. Ba za a ce hujjar ba ta da tushe ba, amma daga ranar birnin ya rasa abin da ba a sake maido masa ba. A inda fadar Alfi take aka zaunar da makarantar koyon harsuna ta Rifa'a al-Ɗahɗawi, inda aka yi ta fassara littattafan Turai zuwa Larabci. Daga baya wurin ya koma otal ɗin wani Bature ɗan Ingila, Samuel Shepheard, masaukin Turawan da ke ratsa Masar zuwa Indiya.

Lambun da ake ziyarta yau aikin jikan Muhammadu Ali ne, Khidiwi Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1863 zuwa 1879. A 1867 Isma'il ya je babban baje koli a birnin Faris, ya tarar mai tsara gari Haussmann ya yanka wa birnin manyan tituna miƙaƙƙu da lambuna. Ya dawo gida da ƙudurin cewa kafin sarakunan Turai su zo bikin buɗe mashigin Suwais a Nuwamba 1869, sai Alƙahira ta yi kama da abin da ya gani. Ministan ayyukansa, Ali Mubarak, ya shata sabon gari a yamma da tsohon, Azbakiyya kuwa ta faɗo daidai mahaɗar biyun: ta gabas lunguna da hasumiyoyin tsohuwar Alƙahira, ta yamma titunan sabuwa.

An yi aikin cikin gaggawar da ba ta san tausayi ba. Masallacin da Azbak ya gina, wanda ya kusa shekara ɗari huɗu a tsaye, aka rushe shi a 1869 don titi ya wuce. A kudu da filin aka gina gidan opera, galibi da katako, cikin wata shida ko makamancin haka, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba da wasan Rigoletto na Verdi. A nan kuma aka fara nuna wasansa na Aida a Disamba 1871. Filin kansa, mai faɗin eka kusan 60, aka yanka gefunansa aka sayar wa masu gini, aka bar kimanin eka 20 a tsakiya. Wannan ragowar aka damƙa wa Barillet-Deschamps, tsohon shugaban masu kula da lambunan Faris.

Mutumin ya san aikinsa. Ya yi wa lambun kusurwa takwas, ya kewaye shi da shingen ƙarfe mai ƙofofi, ya haƙa ɗan tafki a ciki da gada a kai, ya tara tudu na duwatsu da kogo da ruwa na gangarowa, ya kafa rumfar makaɗa, aka jera fitilun gas a gefen hanyoyi. Aka kawo itatuwa daga ƙasashe masu nisa. Cikinsu akwai wani dangin ɓaure daga Indiya, wanda saiwoyinsa ke saukowa daga rassa kamar igiyoyi, su taɓa ƙasa su kafu su yi kauri, har mutum ya kasa gane wane ne ainihin gindin. Wanda ya shiga ƙarƙashinsa da tsakar rana zai ji sanyin da babu shi taku goma daga nan. An buɗe lambun a 1872, Barillet-Deschamps kuma ya rasu shekara ɗaya bayan haka, bai ga itatuwansa sun girma ba.

Ina ganin kyawun wannan aiki, kuma ba na son a rage masa daraja. Sai dai akwai abu biyu da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko, shingen nan sabon abu ne. Tafkin Azbak, duk da cewa fadojin manya ne suka zagaye shi, talaka na zuwa bakinsa ya yi kallon fitilu ranar Maulidi ba wanda ya tambaye shi komai. Lambun Isma'il kuwa sai an biya a ƙofa. Na biyu, da bashi aka gina wannan sabon gari. A 1875 Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suwais a kan fam miliyan 4, a 1876 baitulmali ya kasa biyan masu bin bashi, a 1879 aka tuɓe shi, a 1882 sojojin Ingila suka shigo. Ba a jima ba makaɗan sojan mamaya suka hau rumfar da aka gina don a burge baƙi. Titin da ke arewa da lambun ya cika da mashaya da gidajen karuwai, har a Afrilu 1915 sojojin Ostareliya da na New Zealand suka tayar da tarzoma a unguwar, suka cinna wa gidaje wuta.

Duk da haka, a hankali Misirawa suka mai da lambun nasu. A farkon shekarun 1920 aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na Larabci a cikinsa, da tallafin Ɗal'at Harb, mutumin da ya kafa bankin Masar. A wannan dandamali mawaƙiya Ummu Kulsum ta yi da yawa daga cikin shahararrun zamanta na daren Alhamis ta farkon wata, rediyo na kai muryarta ƙasashen Larabawa. A waje kuma, jikin shinge, wani abu ya tsiro wanda babu sarkin da ya shata shi. Masu tallar tsofaffin littattafai, waɗanda ke yawo shagunan gahawa na dandalin Ataba da na opera, sukan zo su huta a inuwar shingen da rana, su shimfiɗa kayansu a ƙasa. Tun farkon ƙarni na 20 suke wannan, 'yan sanda na korarsu suna dawowa, har daga baya hukuma ta gaji ta ba su lasisi da rumfunan katako. Haka aka sami kasuwar da ake kira Shingen Azbakiyya.

Daga tsakiyar ƙarnin kuma sai asara ta biyo asara. Ranar 26 ga Janairu 1952, a gobarar da ta cinye tsakiyar Alƙahira yayin zanga-zangar ƙin jinin Ingila, otal ɗin Shepheard ya ƙone ƙurmus. Bayan juyin mulkin wannan shekara aka miƙa titin da yau ake kira 26 ga Yuli ya ratsa lambun ya raba shi biyu. Aka yanki gefe aka yi ginin tarho, aka yanki wani aka yi wasu gine-gine. Ranar 28 ga Oktoba 1971 gidan opera ya kama da wuta ya tafi da kayan wasa da takardun kiɗa na shekara ɗari. A gurbinsa aka gina garejin motoci mai hawa-hawa, mutum-mutumin Ibrahim Basha, mahaifin Isma'il, a kan doki yana tsaye kusa da shi. Da aka zo haƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa a shekarun 1990, tashar Ataba ta ci wani ɓangaren, aka kwashe masu littattafai zuwa Darrasa, bayan Azhar, sai bayan shekaru aka maido su. Layi na uku ya sake tayar da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da hujja mai ƙarfi, domin birni mai miliyoyin mutane dole ya sami titi da tarho da jirgi. Abin da ke da ciwo shi ne, kullum idan aka rasa fili, lambu ake fara dubawa, saboda shi kaɗai ne ba shi da mai gidan da zai kai ƙara.

Mai ziyara yau zai sauka a tashar Ataba ya fito cikin hayaniyar 'yan tebur da ƙahon motoci. Rumfunan littattafai, sama da ɗari, suna jere kusa da bakin tasha, kowace an cusa ta har rufi. Ana samun tafsiri mai juzu'i da yawa ɗaure da igiya, da littattafan likitanci da aka ja wa layi da biro, da mujallun zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir da takardarsu ta koma ruwan ƙasa. Ɗaliban Azhar, har da 'yan Najeriya da Nijar, suna cikin masu zuwa, domin littafin da ya gagari aljihu a shago a nan ana iya tayawa. Ka faɗi sunan littafi, mai rumfa ya ɗan yi shiru, ya tura hannu bayan wani tsibi ya zaro shi, ko ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira.

Lambun kansa ya shafe shekaru a rufe ko a wulaƙance, rabinsa filin ajiye kayan aikin jirgi. A 'yan shekarun nan gwamnati ta shiga gyaransa: maɓuɓɓugar marmara ta ƙarni na 19, tudun duwatsun Barillet-Deschamps, da ɗan tafkin da ya daɗe da ƙafewa. Gyaran zai iya maido hanyoyi da ruwa da fitilu, amma titin da ya raba shi yana nan, ginin tarho da gareji ma suna nan, kuma da yawa daga itatuwan da aka dasa a 1872 sun riga sun tafi, waɗanda aka dasa a gurbinsu kuwa sai sun yi shekaru masu yawa kafin su ba da inuwa.