Nafkin ko famfas: tarihi, kuɗi da lafiyar ƙunzugun jarirai

Ƙunzugun yadi, wanda aka fi sani da nafkin a kasuwannin Najeriya, ƙyalle ne mai shan ruwa da ake ɗaura wa jariri domin ya tare fitsari da kashi, daga baya a wanke shi, a shanya, a sake amfani da shi. Takwaransa shi ne ƙunzugun yarwa, wanda jama'a ke kira famfas ko da ba kamfanin da ke yin Pampers ne ya yi shi ba. Zaɓi tsakanin su biyun yakan zama kamar ƙaramar magana ta cikin ɗaki, amma abubuwa uku ne ke yanke hukuncinsa a yawancin gidaje: darajar naira, samuwar ruwa, da kuma ko akwai mai kwashe shara a unguwa. Dukkansu al'amuran hukuma ne.

Ire-irensa

Nafkin ɗin da iyaye mata na birane suka saba da shi tun da daɗewa shi ne farin tawul mai kusurwa huɗu. Ana ninke shi, a zagaya ƙugun jariri da shi, a maƙale da fil, sannan a ɗora wandon roba a sama don kada danshi ya fito. A karkara, har ma a gidaje da dama na birni, tsohon zani mai laushi da aka yayyanka ne ke yin wannan aiki. Sabon samfurin kuwa an ɗinka shi ne kamar wando, da maɓallai da ake matsewa ko a sassauta gwargwadon girman yaro, da aljihu a ciki inda ake cusa ƙyallen da ke tsotse fitsari. Ana yin ƙyallen da auduga, ko zaren gora, ko wani zaren roba da ake kira maikurofaiba, wanda ba a son ya taɓa fatar jariri kai-tsaye saboda yana busar da ita. Gidan da ke wanki duk bayan kwana biyu yakan buƙaci nafkin 20 zuwa 24.

Yadda famfas ya samo asali

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yadi ne ƙunzugun jarirai a Turai da Amurka ma. Fil mai murfi da ake maƙale shi da shi, Ba'amurke Walter Hunt ne ya yi masa rajista a 1849. A 1946 wata uwa Ba'amurkiya, Marion Donovan, da ta gaji da wankin zannuwan gado, ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wa nafkin riga mai hana ruwa fita. Shekara guda bayan haka Valerie Hunter Gordon a Birtaniya ta ƙirƙiro Paddi, mai ɓangare biyu: wando da ake wankewa da kuma abin cusawa da ake yarwa. Kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961, Kimberly-Clark ya biyo da Huggies a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya gama kafa famfas shi ne wani sinadari mai kama da garin gishiri da aka fara zubawa a cikinsa a shekarun 1980, wanda ke shanye ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa ya mayar da shi kamar kunun kamu mai kauri. Shi ne ya sa famfas ya zama siriri, yaro kuma ya iya kwana da shi bai jiƙe ba.

Lissafin kuɗi

Jariri sabon haihuwa kan ɓata ƙunzugu takwas zuwa goma sha biyu a yini, adadin yana raguwa yayin da yake girma. Nazarin da Hukumar Muhalli ta Ingila ta wallafa a 2008 ya ɗora lissafinsa a kan kusan famfas 4,000 ga yaro ɗaya cikin shekara biyu da rabi. A ɗauki misali kawai: idan ɗaya ya kama naira 150, yaro kuma yana amfani da biyar a yini, kuɗin wata ya kai naira 22,500, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Wannan kafin a sayi abinci ko magani ke nan.

Farashin famfas yana bin dala ne, domin ɓargon itace da sinadarin tsotse ruwan da ake haɗa shi da su galibi daga waje ake shigo da su. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A Disamban 2023 Procter & Gamble ya sanar cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya ya koma shigo da su daga waje. A Mayun 2024 Kimberly-Clark ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas, wadda aka buɗe shekara biyu kacal kafin nan. Kamfanin Hayat na Turkiyya, mai yin Molfix, yana da masana'anta a Agbara ta jihar Ogun, kuma akwai ƙananan samfura masu yawa da ake sayarwa ɗaiɗai a shaguna da teburan unguwa.

Illar tsadar ba ta tsaya a aljihu ba. Uwar da ke sayen famfas ɗaya ko biyu a yini za ta bar wa yaro shi har sai ya cika, kuma wannan jinkirin shi ne babban abin da ke kawo ƙuraje da saɓar fata. Famfas ɗin da aka tsara don awa uku ko huɗu, idan ya wuni a jikin yaro cikin zafin watan Afrilu, ya daina zama kayan tsafta.

Nafkin kuwa sau ɗaya ake saye, kuma yakan kai ga ƙane ko ƙanwa. Sai dai kiran sa mai arha yana ɓoye wani kuɗin. Kowane wanki yana cin ruwa, sabulu ko omo, da itace ko gawayi idan za a dafa ruwan. A unguwannin Kano da dama inda famfo ya daɗe da ƙafewa, ruwa sai an saya daga 'yan garuwa, jarka-jarka. A sansanonin 'yan gudun hijira da garuruwan da mata ke tafiya mai nisa kafin su kai rijiya, ruwan wankin nafkin yana gogayya ne da ruwan sha. Sannan akwai aikin kansa, wanda ba a saka shi cikin lissafi saboda ba a biyan mai yin sa: ita ce mai jego, ko 'yarta babba, ko yarinyar da aka ɗauko aiki. Matar da ke fita ofis, makaranta ko kasuwa tana da hujja mai ƙarfi idan ta zaɓi famfas, kuma duk kamfen ɗin kare muhalli da bai amsa tambayar wanda zai yi wankin ba, bai kama hanya ba. Gidaje da yawa sun warware wa kansu matsalar ta hanyar haɗawa: nafkin da rana a gida, famfas da dare ko ranar asibiti, biki da tafiya.

Akwai kuma batun tsarki, wanda ke da nauyi ga uwa Musulma mai goyo. Malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai shayarwa game da abin da ya taɓa tufafinta na fitsari ko kashin jariri idan tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, sun kuma so ta ware tufafin salla daban. Duk da haka, rashin yoyo na daga cikin dalilan da suka sa famfas ya karɓu.

Lafiyar fata da wanki

Ƙurajen ƙunzugu na tasowa ne idan fitsari da kashi suka haɗu suka daɗe a kan fata. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna narka wani ɓangare na fitsari su fitar da amoniya, mai warin nan da ke hawa kai, ita kuma ta raunana fatar da danshi ya riga ya tausasa. Nafkin ba ya janye danshi daga fata kamar famfas, don haka dole a sauya shi duk bayan awa biyu zuwa uku, kuma nan take idan yaro ya yi kashi. A wanke wurin da ruwa mai tsafta, a bar shi ya sha iska, a shafa basilin ko man da ke ɗauke da sinadarin zinki. Likitocin yara ba sa son a riƙa barbaɗa hoda, saboda jariri na iya shaƙar ta. Ƙurajen da suka yi ja sosai, suka shiga cikin matsematsi, ko suka wuce 'yan kwanaki ba su lafa ba, suna buƙatar ma'aikacin lafiya ya duba.

Nafkin yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: yana nuna fitsari ƙarara. Jaririn da ya wuce kwana biyar kuma yana samun isasshen nono yakan jiƙa aƙalla ƙunzugu shida a yini. Uwar da ke shayar da nono zalla, wadda ake yawan tsorata ta cewa yaron yana jin ƙishi, tana iya ƙirgawa ta gane halin da yake ciki.

Inda nafkin ke zama haɗari shi ne wajen wanki. Ana yawan ɗaukar kashin jariri a matsayin abu marar illa, alhali yana iya ɗaukar ƙwayoyin gudawa, kwalara da shan-inna. Hanyar da hukumomin lafiya suka amince da ita ita ce a kankare kashin a zuba a masai ko shadda, ruwan ɗaurayar farko ma ya bi shi can. Zubar da shi a tsakar gida ko a kwata yana mayar da cutar inda yara ke rarrafe. Bayan haka a wanke da sabulu da ruwan zafi, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin ragowar omo na cin fata, sannan mai wankin ta wanke hannunta da sabulu. Bokitin jiƙo ya kasance a rufe, a kuma ajiye shi inda yaro mai tatata ba zai kai ba, tunda ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da shi.

Rana tana busarwa, tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, tana kuma cire tabo, kuma wannan gata ne da ƙasar Hausa ta fi Turai. Amma a kan igiya ake shanya, cikin rana sosai. Akwai wani ƙuda da ake kira tumbu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda ke saka ƙwai a ƙasa ko a tufafi masu warin fitsari da aka shanya a ƙasa ko a inuwa. Tsutsarsa na shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga da dutse mai zafi na kashe ƙwan.

Bola da magudanar ruwa

Nazarin Ingila na 2008 ya bai wa masu fafutukar muhalli mamaki, domin ya gano cewa iskar da ke ɗumama duniya da ke fita ta dalilin famfas ɗin yaro ɗaya ta kai kimanin kilo 550, ta nafkin kuma kilo 570. Dalilin shi ne injin wanki da injin busarwa masu cin lantarki. Nazarin ya nuna cewa shanya a igiya, cika injin wanki da kuma mayar da nafkin ga yaro na biyu suna rage adadin da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wani sabon nazari da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 ya ba nafkin rinjaye da kusan kashi 25 cikin ɗari a wannan fanni, ko da yake ya fi cin ruwa.

Waɗannan alƙaluma na ƙasar da mota ke zuwa ƙofar gida ta kwashe shara ne. A garin da ba haka abin yake ba, famfas yana ƙarewa ne a bola, a kango, ko a magudanar ruwa, inda yake kumbura ya toshe kwalbati tare da ledojin ruwa, damina kuma ta mayar da abin da ke cikinsa tsakar gidajen mutane. Karnuka da awaki na yaga shi, masu tsintar bola na taɓa shi da hannu, idan aka cinna masa wuta kuma hayaƙin roba ya cika unguwa. Jefa shi a masai yana cika ramin da wuri, tunda robar ba ta ruɓewa. Sauƙin da gida ɗaya ya saya, unguwa ce ke biyan sauran kuɗinsa.

Ƙasar Vanuwatu da ke tekun Fasifik ta sanar a 2019 cewa za ta haramta famfas gaba ɗaya, amma ta jingine shirin bayan iyaye sun yi ƙorafin cewa ba a tanadar musu madadi ba, kuma nauyin zai faɗa kan mata. Wasu ƙananan hukumomin Landan sun bi wata hanyar: suna ba iyaye takardar rangwame don sayen nafkin, saboda hakan ya fi musu arha a kan kwashe famfas da ƙone shi.

Abin da ke rage yawan ƙunzugu ko wane iri ne shi ne koya wa yaro zaman fo da wuri, dabarar da kakanni suka daɗe da ita. Uwa ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kansu bayan ya sha nono ko ya tashi daga barci, har ya saba da lokacin. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitocin yara ta Amurka a 1977 ya bayyana yadda 'yan ƙabilar Digo na gabar tekun Kenya ke horar da jariransu ta irin wannan hanya, har su daina ɓata jiki dare da rana tun suna wata biyar zuwa shida.