Layi biyu a cikin rahoton gwajin magani: Kano, 1996

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu tsaya kan wani ɓangare na aikin masanan da mujallun kimiyya suke bai wa rubutu su duba kafin a buga shi, abin da ake kira comité de lecture da Faransanci. Kusan kowane rahoton gwajin magani yana ɗauke da layi biyu: cewa kwamitin ɗa'a ya amince, kuma an samu yardar marasa lafiya ko ta iyayensu. Mai duba rubutu yakan ɓata kwanaki kan alƙaluma, layukan nan kuwa ya wuce su da kallo ɗaya.

Asalinsu sananne ne. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964, aka gyara ta a Tokyo a 1975. Gyaran ya ƙara abu biyu: a miƙa tsarin gwaji ga kwamiti mai zaman kansa, kuma kada a karɓi rahoton da ya saɓa wa ƙa'idodin don bugawa. Ke nan tun 1975 nauyin ya hau kan mujallu da masu duba musu rubutu.

A 1996 sanƙarau ya mamaye ƙasashen da Lapeyssonnie ya zana iyakarsu a 1963, waɗanda ƙasar Hausa take tsakiyarsu, daga Icirnawa da Matameye har Kano. A Nijeriya kaɗai ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe sama da 11,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya sauka Asibitin Zana na Kano, ya gwada Trovan kan yara. Yara 200 aka ɗauka: kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren farko, 6 a na biyu. Mai kallon alƙaluman nan kawai zai ce magungunan sun yi kunnen doki. Sai dai bayan allurar farko, abin da aka riƙa bai wa yaran ɓangare na biyu bai kai awon da aka saba ba, kuma wannan tambaya ce da kowane masanin magunguna zai iya yi daga kan teburinsa.

Layukan biyu su ne ba a iya dubawa daga tebur. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka tana ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da kwanan watan Maris 1996. A farkon 2001 jaridar Washington Post ta ruwaito daga shugaban asibitin cewa a lokacin babu ma irin wannan kwamiti a can. Game da yarda, kamfanin ya tsaya kan cewa ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye kuma sun yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a faɗa musu gwaji ne ba. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Nan ne maganar ta shigo fagenmu na ilimin harshe. An yi bayani da Hausa, to, da waɗanne kalmomi? Kalmar gwaji a bakin asibiti ta fi nufin gwajin jini ko na fitsari, wato abin da ake yi don a gano ciwo a warkar da yaro. Allura ta haɗa rigakafi da magani. Raba yara gida biyu ba tare da zaɓi ba, kalmar da ta fi kusa da shi ita ce ƙuri'a, kuma muna shakkar a samu mai fassarar da zai so ya ce wa uwa za a jefa ƙuri'a kan ɗanta da ke sanƙare a hannunta. Sannan "to" ɗin da talaka yake ce wa mai farar riga, sau da yawa ladabi ne, ba amincewa ba. Ko kalmar likita ba ma'anarta ɗaya ba: a Kano mutum ne, a Damagaram kuwa sau da yawa gidan da ake zuwa ne, mutumin shi ne lokotoro. Takardar bayanin da aka fassara a Kano ba lalle ta faɗi abu ɗaya a Matameye ba.

Ba muna cewa a daina gwaji lokacin annoba ba. A 2003 an kwatanta ceftriaxone da chloramphenicol mai mai a cibiyoyin lafiya 9 na Nijar, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2005, kuma ya taimaka wajen sauya yadda ake jinyar sanƙarau a lokacin annoba. A ganinmu, abin da ya kamata mai duba rubutu ya nema daga marubuci bai fi uku ba: sunan kwamitin da ranar zamansa, nassin Hausar da aka karanta wa iyaye tare da fassararsa daga wani mutum dabam, da adadin iyayen da suka ce a'a. Idan cikin ɗaruruwan iyaye ba a samu ko ɗaya da ya ƙi ba, sai ya mayar da rubutun, ya tambayi yadda aka faɗa musu cewa suna iya ƙi kuma a yi wa ɗansu magani.