Filashin da Ya Tsuke

Tsarin da ake raba filashi kashi-kashi da shi ya girmi filashin kansa nesa ba kusa ba. A 1983, da fitowar PC DOS 2.0 na kwamfutar IBM, aka keɓe bayit 512 na farkon faifai, a cikinsu ake rubuta kashi nawa ne, ina kowanne ya fara, ina ya tsaya, kamar yadda ake shata iyaka a gonar gado. Gurbi huɗu kacal aka bari. Filashi bai shigo kasuwa ba sai 2000, lokacin da Trek ta Singafo ta fito da ThumbDrive, IBM kuma ta sayar da na M-Systems mai megabayit 8. Haka ya gaji wannan tsari ba tare da an sauya masa komai ba.

Windows kuwa ta daɗe ba ta ganin komai a filashi sai kashi ɗaya, har zuwa 2017. Shi ya sa ɗalibi zai ɗora Linux a filashi mai gig 32, hakan ya raba shi kashi-kashi, ya gama aikinsa, ya soka a wata kwamfutar mai tsohuwar Windows ya ga 'yan megabayit. Sai ya kawo min shago yana cewa, "Malam, filashina ya tsuke." Lafiyarsa ƙalau. Nakan buɗe manhajar diskpart ta Windows, in duba lambar faifan da kyau, domin wanda ya zaɓi na cikin kwamfuta ya yi wa kansa ɓarna, sannan in share tsohuwar iyakar da umarnin clean, in yanka kashi ɗaya, in yi fomat. Idan ya haura gig 32, tsarin fomat na exFAT, wanda ya fito a 2006, nake sa masa. Yana ɓata min rai in ga an jefar da irin wannan a shara.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne jabu. An sa ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙarya: a jiki an rubuta gig 128, a ciki gig 8 ne. Masu tura fina-finai a Farm Centre ta Kano sun san halinsa, ka cika shi da fim, ka je gida rabi ya ƙi buɗewa. H2testw, manhajar mujallar c't ta Jamus, takan cika shi dam ta sake karantawa, asirinsa ya tonu. Iyakar abin da nake iya yi wa mai shi, in yanka masa kashi daidai girman gaskiyar, in hana shi ajiye takardun makaranta a ciki.