Daga ƙahon wanzami zuwa miƙe jijiya: tarihin jinyar ciwon dunduniya a ƙasar Gobir

Manomi a Tozai ko ɗan kasuwa a Isa ya san ciwon: takun farko da asuba sai dunduniya ta soke shi kamar ya taka ƙaya, ya lafa bayan ɗan tafiya, ya dawo idan an daɗe a zaune. Tushensa wata jijiya ce mai kauri a tafin ƙafa, wadda ta tashi daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu. Yawan tsayuwa, doguwar tafiya da nauyin jiki su ke gajiyar da ita.

Gobirawa sun daɗe da sanin wahalar ƙafa. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, sun yi ta ƙaura zuwa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. A wancan zamani jinya tana hannun wanzami da maɗori: ƙaho, tsaga, gashi da ruwan zafi, tausa da man kaɗe. Gashi da tausa suna rage raɗaɗi, amma tsaga ba ta kai ga jijiyar, kuma tana iya jawo gyambo, musamman ga mai ciwon suga.

Gashin ƙashi na asibiti ya shigo Nijeriya a 1945, lokacin da ƙwararru biyu daga Ingila suka fara aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, suna kula da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966.

Fahimtar ciwon ita ma ta canja. A 1954 wani likita a Ingila, J. H. Hicks, ya nuna cewa ɗaga babban yatsa sama yana ɗame jijiyar kamar tsirkiyar baka. A kan haka aka gina atisayen da wani bincike a Amurka ya tabbatar da amfaninsa a 2003: mutum ya zauna, ya ɗora ƙafar a kan gwiwa, ya ja yatsun baya na daƙiƙa 10, sau 10, sau uku a rana, na farko kafin ya taka ƙasa da safe. Kusan mutum tara cikin goma kan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba.

Wannan yana da muhimmanci a gabashin Sakkwato, inda ƙwararrun suka fi yawa a birni, kuma 'yan bindiga suka mayar da hanya abin tsoro. Maganin da ya fi inganci ba ya buƙatar na'ura, sai ma'aikacin lafiya da zai koyar da shi, takalmi mai laushin ƙasa, da haƙuri.