Gawo da Dokar Daji a Ƙasar Damagaram da Maraɗi

Duk wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya da rani zai ga abin da ba a saba gani ba a bakin hamada: gonakin gero da aka girbe, ƙasa ta bushe ƙamas, amma gawo tsaye birjik, kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa a gindi. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta cewa tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5. Mafi yawansu ba wanda ya dasa su. Daga kututture da saiwa da irin da ke cikin kashin dabbobi suka tsiro, manomi ya bar su suka girma. Sau da yawa akan ba da wannan labari kamar wata dabara ce da aka gano kwatsam. A ganina tarihinsa ya fi haka tsawo, kuma abin da yake nunawa shi ne itacen gona yana rayuwa ko ya mutu gwargwadon amsar tambaya guda: idan ya girma, na wa ne?

Gawo itace ne mai hali nasa na daban. Yakan zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, don haka ba ya tare wa gero rana, ga ganyen da ya zube ya zama taki daidai lokacin shuka. Da rani kuma ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci su bar kashi. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa, ba ta cika rabon ruwa da amfanin gona ba. Manoma sun daɗe da sanin cewa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika. Sarakuna ma sun sani. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya gina ganuwar birni, ya sa aka ƙera masa igwa, cewa ya hana saran gawo a ƙasarsa, kuma hukuncin wanda ya kayar da shi na iya kaiwa ga rai. Ko baki ya ƙara wa labarin gishiri, abin lura shi ne abin da dokar ta bar wa talaka. Gawon da ke gonarsa shi ke cin amfanin takinsa, dabbobinsa ke cin 'ya'yansa. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya sa masa gatari.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma daga baya nan ta zama hedikwatar mulkinsu a Nijar har 1926 da suka koma Yamai. A ranar 4 ga Yuli 1935 suka kafa dokar daji ta bai ɗaya ga dukan yankunansu na Afirka ta Yamma. Dokar ta ɗauki daji a matsayin dukiyar hukuma, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, ta kafa ma'aikatan gandun daji masu kaki da ikon cin tara. Nijar ta sami 'yanci a 1960, amma dokar daji ta 1974 ta bi sawun waccan, gawo na cikin jerin. A takarda wannan kariya ce. A gona kuwa abin da ya haifar daban ne: mutum zai raini itace shekara goma a gonar gadonsa, ran da ya sari reshe don gyaran rumbu sai a ci shi tara. To me zai sa ya bar tsiro ya girma ya jawo masa ma'aikaci? Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin kowa ya gani. Ga shi a daidai wannan zamani ana matsa wa mutane lamba su noma gyaɗa don biyan haraji, malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Duk shekara kafin ruwa ya sauka a yi sassabe, a sare sabara da kalgo da geza da suka toho, a tara a ƙone.

Sai fari ya zo, na farkon shekarun 1970 da na 1984. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya yi binne sau biyu sau uku a damina ɗaya, mata kuma suka koma hura wuta da kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya zauna a gona. Maganin da hukuma da masu agaji suka kawo shi ne dashe: a raini dogon yaro da turare a leda, a kai ƙauye, a kewaye da waya. An ci nasara a wasu wurare, kamar layukan kare iska da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin Majiya a 1975, amma a galibi dashen bai kai ko'ina ba, domin ba mai shayar da itacen gwamnati. A 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, alamar ita ma ta ga hanyar ba ta ɓullewa. Shekara guda kafin nan wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sarewa duk shekara itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Idan aka zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, aka rage sauran, aka yi musu aski, sai su miƙe da sauri fiye da kowane dashe. Wannan ne aka kira sassabin zamani.

Abin da ya biyo baya ya fi ganowar kanta muhimmanci. A yunwar 1984 aikin nasu ya raba abinci a ƙauyuka kusan 100 bisa sharaɗin a bar itatuwa a gona, aka kuwa bar kimanin 500,000. Da aka daina rabon, wajen kashi biyu cikin uku aka sare. Ke nan hatsin agaji bai saye zuciyar manomi ba. Waɗanda suka bar nasu sun sami itacen girki da harawa da sassaucin iska, maƙwabta suka gani. Amma abin ya bazu ne sosai bayan da ma'aikatan gandun daji na Maraɗi suka yarda su sassauta tara ga wanda ya raini itace a gonarsa, sannan ita kanta hukuma ta yi rauni: kuɗin yuraniyom ya faɗi, Kunce ya rasu a 1987, shekarun 1990 suka zo da rikicin siyasa da albashin da ba ya zuwa. Ma'aikaci ya rage shiga ƙauye, manomi ya fara ɗaukar itacen a matsayin nasa tun kafin doka ta ce haka. Dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, da ƙudurin 2020 kan rainon itatuwan gona, duk sun zo ne suna tabbatar da abin da mutane suka riga suka yi.

Akwai masu cewa ruwan sama ne kawai ya dawo. Gaskiya ne damina ta gyaru daga shekarun 1990, kuma ba itacen da zai toho ba ruwa. Sai dai girgije ba ya tsayawa a kan iyaka. Hotunan sama na bakin iyakar Nijar da Najeriya sun nuna wurare da dama inda ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, Hausawa ne a kowane ɓangare, amma gonakin Nijar sun fi itatuwa nesa ba kusa ba, ko da yake kudu ta fi samun ruwa. Haka kuma an fi samun gawo a Magarya da Matamaye da Mirya, inda jama'a suka fi cunkoso, alhali da yawan mutane ne kaɗai ke cinye daji da can ne zai fi zama fako.

Wani kuma zai ce labarin Tanimu ai ya rushe hujjata, tunda da takobi ya kare gawo. Wannan ƙorafi yana da nauyi, don ba shakka tsoro ya taimaka wajen barin manyan gawo da suka zama tushen irin na yau. Amma dokar 1935 ma tana da tsoro, har da kurkuku, kuma gonaki suka ƙare ƙal a ƙarƙashinta. Bambancin yana wurin wanda amfanin ke komawa gare shi. Ban da haka, lokacin da gawo ya sake cika ƙasar Damagaram a shekarun 1980, ba takobin sarki, kuma a yawancin ƙauyukan ba wani babban aikin agaji.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na waɗanda ba su da gona. Itatuwan ba su hana yunwar 2005 yi wa Maraɗi ɓarna ba, kuma gonaki sai ƙara tsukewa suke yi da rabon gado. Idan itace ya zama na mai gona, matar da ta saba shiga ko'ina ta yi itace sai ta nemi izini ko ta saya, makiyayin da kakanninsa ke sassaɓo reshen gawo wa shanu da rani ya zama mai laifi a idon manomi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da rigimar manoma da makiyaya ta sha cin rayuka. Amma komawa ga dokar da ta sa itace ya zama na hukuma ba zai ba su komai ba, domin a zamaninta itacen ne ma babu. Abin da wasu ƙauyuka suka yi, kamar Ɗan Saga a yankin Agiye, shi ne kafa kwamitin da ya haɗa manoma da mata da Fulanin da ke zaune kusa, su tsara wanda zai sari me, a wane lokaci, da tarar wanda ya yi sata da dare. Ba ko'ina ne irin wannan kwamiti ke da ƙarfi ba, kuma makiyayi mai wucewa, wanda ba ya zaune a ƙauyen, har yanzu ba kasafai yake da kujera a cikinsa ba.