Fansa da 'Yan'uwanta: Inda Kalmomin Bangaskiyarmu Suka Fito

Ya mai karatu, idan ka taɓa bin hanyar da ta tashi daga Tsafe zuwa Gusau, lalle idonka ya sauka a kan Dutsen Kwatarkwashi. Tun kafin wani ya karanta aya ɗaya ta Littafi Mai Tsarki da Hausa, mutanen gindin wannan dutse suna da kalmomin ibadarsu. Sun san iskoki, sun san tsafi, sun san Magiro, suna kuma bikin Baura. Maƙwabtansu Musulmi kuwa sun daɗe da shigo da kalmomin Larabci cikin harshen, har suka zama 'yan gida. Saboda haka sa'ad da bishara ta iso ƙasar Hausa, ta tarar da harshen cike yake da kaya. Kowace kalma da muke furtawa ran Lahadi tana da gidan da ta taso, kuma wanda ya san gidan ya fi jin nauyin kalmar.

Aikin zaɓen kalmomin ya ɗauki shekara da shekaru. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar CMS, ya fara koyon Hausa a lokacin tafiyar Kogin Kwara ta 1841. Babban malaminsa daga baya shi ne Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi a Borno, sa'an nan ya bi matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Daga bakin wannan 'yantaccen bawa Schön ya ji yadda Hausa take tafiya. Bayansa sai Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi aiki tare da Hausawa da waɗansu masu bishara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Wannan juyi yana cewa Yesu Kristi. Sabon juyin da ya biyo baya, kusan shekara hamsin tsakani, yana cewa Yesu Almasihu. Kristi daga Helenanci yake, Almasihu daga Larabci, dukansu biyu kuwa suna komawa ga kalmar Ibrananci mai ma'anar shafaffe, wato wanda aka zuba wa mai aka keɓe shi domin sarauta ko aikin firist.

Waɗansu kalmomin ba su ba masu juyi wahala ba. Bishara 'yar'uwar albishir ce, wadda in an faɗa maka kakan amsa da goro. Almajiri daga Larabci yake, mai barin gida domin neman sani, kuma da wannan suna ake kiran Bitrus da Yahaya da sauran sha biyun, ko da yake yau kunnenmu ya fi jin kalmar a kan yaro mai ƙoƙo a hannu. Ubangiji kuwa Hausa ce tsantsa: uba ne da giji, tsohuwar siffar gida. Mai bawa ma ubangijinsa ake ce masa. Duk wanda ya kira Yesu Ubangiji, ya san ya ce shi kansa mallakar wani ne.

Kalmar Ruhu ta fi waɗannan labari. A Ibrananci da Helenanci kalma ɗaya ce take nufin iska mai kaɗawa da kuma ruhu, shi ya sa a Yahaya 3 Yesu ya iya kwatanta wa Nikodimu aikin Ruhu da busawar iska. Abin mamaki, Hausa ma tana da kalma mai fuska biyun nan daidai, wato iska. Da an bi ƙamus kawai, da ita aka ɗauka. Amma ka yi tunanin mutumin Kwatarkwashi na wancan zamani yana jin an ce Iska Mai Tsarki. Zai ɗauka an ƙara ɗaya ne a cikin jerin iskokin da ake yi wa yanka. Aka ɗauki Ruhu daga Larabci, aka yi hasarar wasan kalmar. A ganina an yi daidai, ko da yake nakan ji zafin hasarar duk lokacin da na zo koyar da wannan sura.

Kalmar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce fansa. Kakanninmu sun san ta a zahiri. Wanda aka kama a yaƙi ko a hari, danginsa sukan tara kuɗi su fanso shi. Bawa ma yakan biya ubangijinsa murgu domin ya sami damar yin aikin kansa, yana tara abin fansar kai kaɗan kaɗan. Dokar Lugard ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce 'ya'yan da za a haifa daga nan gaba 'ya'ya ne, amma ba a kawar da bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Wato a shekarar da Littafi Mai Tsarki ya fito, akwai sauran masu jiran fansa a ƙasar nan. Mai karanta Markus 10:45 a lokacin, inda Yesu ya kira mutuwarsa fansa domin mutane da yawa, bai bukaci mai fassara ba. Kalmar Helenanci da ke wurin ma ita ce ake amfani da ita ga kuɗin 'yanta bawa ko fursunan yaƙi.

Daga nan kalmar ta yi sanyi. Mu da muka taso bayan an daina bauta, a waƙa da addu'a muka fi jin ta. Sai ga shi a 'yan shekarun nan ta dawo mana da haƙoranta. A Tsafe da Bungudu da kewayen Gusau babu mai bukatar a bayyana masa kuɗin fansa. An san kiran waya da dare, an san ciniki a kan ran mutum. Wata ranar Lahadi na yi wa'azi a kan Mai Fansa, bayan sujada wata dattijuwa da aka taɓa ɗauke ɗanta ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce, “Baba Fasto, to wa aka miƙa wa kuɗin?”

Tambayarta tsohuwa ce a cikin ikilisiya. Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya koyar cewa Shaiɗan aka biya, tun da shi yake riƙe da kamammun. Giregori na Naziyanzus, a ƙarni na 4, ya ƙi wannan da ƙarfi, gama bai ga yadda ɗan fashi zai karɓi irin wannan lada a kan fashinsa ba. Wajen 1098 Anselm, babban bishop na Kantabori a Ingila, ya rubuta cewa Shaiɗan ba shi da hakkin komai, bashin da ke kan mutum na Allah ne. Littafi Mai Tsarki kansa bai ce an ba Shaiɗan ko anini ba. Abin da yake nanatawa shi ne tsadar abin da aka bayar da kuma wanda ya bayar.

A nan Tsohon Alkawari yake taimakonmu. Bisa ga Littafin Firistoci 25, in talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa ko kansa, ɗan'uwansa na kusa ne yake da hakkin fansarsa. Ibraniyawa suna da suna na musamman ga wannan ɗan'uwa, go'el, kuma matsayin da Bo'aza ya tsaya ke nan a labarin Rut. Da wannan suna annabi Ishaya ya yi ta kiran Allah. Mai fansa dangi ne. Shi ya sa Ibraniyawa 2 ta dage a kan cewa Almasihu ya ɗauki nama da jini irin namu, bai kuwa ji kunyar kiranmu 'yan'uwa ba.

Ban iya tsara wa dattijuwar nan wannan duka a bakin ƙofa ba. Na tambaye ta kawai, “Mama, da aka ɗauke ɗanki, wa ya biya?” Ta ce ƙanen mijinta ne, ya sayar da shanun nomansa biyu ana gab da damina, ya kuma kai kuɗin daji da ƙafarsa, domin babu wanda ya yarda ya je. A shekarar nan da fartanya ya yi noma.